Martani: Ba Wasan Zari-ruga Ne Zai Kashe Kulob-kulob Ɗin Rogo Ba

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa daga wannan yanki namu na Karaye da Rogo ya yi kwanakin baya, inda yake jan kunnen jama'a a kan shawarar da wasu matasa da malaman makaranta ke kawowa, ta a buɗe wa ƙananan yara sashen koyon wasan zari-ruga a garuruwanmu, irin yadda ake koya wa yara a birnin Kano. Sau biyu na karanta shi. Ban ga ƙiyayya a ciki ba, kishi na gani. Wanda bai taɓa cire kuɗin cefanen gidansa ya sayo wa kulob tamaula ba, ba zai iya yin irin wannan kuka ba. Don haka Malam, cikin girmamawa nake maka wannan martani, na kuma san ka san gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da na fahimta daga bayaninka shi ne, in aka bar wannan baƙon wasa ya shigo, zai janye yaran da kulob-kulob ɗinmu na ƙwallon ƙafa ke dogaro da su, ya raba su da filin atisaye, ya kuma cinye ɗan taimakon da masu hali da 'yan siyasa ke yi musu. Ka ƙara da cewa wasan Turawa ne da ba shi da tushe a wurinmu, kuma babu abin da yara za su tsinta a cikinsa sai karaya da targaɗe. Daga ƙarshe ka ce nan da 'yan shekaru kulob-kulob ɗin za su mutu, mu zauna muna cizon yatsa.

Cewa kulob-kulob ɗinmu ba su da lafiya, wannan gaskiya ne, kuma ni ma shaida ne. Inda muka rabu shi ne a kan abin da ke damunsu. Ciwon ya riga maganar zari-ruga zuwa da shekaru masu yawa, yaran da kake tsoron a ƙwace mana kuwa ba su taɓa zama a hannunmu ba.

Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, ni ne kuma malamin wasanni, sannan na riƙe wa kulob ɗin unguwarmu littafi a matsayin sakatare. Malam, zo mu tsaya a bakin filin makaranta ranar Alhamis bayan la'asar, ranar da babu Islamiyya. Yara ne ke fara isowa, 'yan shekara 7 zuwa 12, ƙafa ba takalmi, ɗaya ya rungumo ƙwallon roba da ta sha faci, ko dunƙulen leda da aka naɗe da robar tayar keke. Silifas biyu nan, silifas biyu can, an kafa raga. Babu alƙali, babu mai raba gardama, wanda ya fi ƙarfi shi ke da gaskiya. Ba za su yi rabin awa ba sai ka ji ƙarar babura, manya sun iso. Wani ya busa usur, wani ya ɗaga murya ya ce yara a ba mu wuri. Sai su kwashe silifas ɗinsu su koma bayan raga su jeru, suna jiran a buga ƙwallo ta faɗa gonar masara. Da ta faɗa sai su kwasa a guje, wanda ya riga kowa ya ɗauko ta ya samu ya yi mata shuri ɗaya ya mayar cikin fili. Wannan shurin guda shi ne rabon yaro ɗan shekara 10 a kulob ɗin garinsu. Ni kaina na sha busa usur ɗin nan, kuma har yau abin yana damuna.

A littafin da na riƙe, ban taɓa rubuta sunan yaron da bai kai shekara 15 ba. Ko 'yan dagajin da muke tinƙaho da su, ai sai an ji sanarwar gasa ake tattaro su, saura sati biyu a fara. Kowa kuma ya san yadda ake yi: rabin masu sanye da rigar sun wuce shekarun da aka ƙayyade, an dai biya da su wurin mai aski an share haɓa. In gasa ta ƙare a karɓe riguna a ninke, kowa ya kama gabansa. To wane yaro ne zari-ruga zai ƙwace mana? Wanda ke tsaye bayan raga yana jiran ƙwallo ta faɗa gona?

Mu yi ɗan lissafi. A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Rogo kaɗai tana da mutum sama da 200,000, kuma tun daga lokacin ba raguwa muka yi ba. Kusan rabinmu yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Mazaɓu 10 gare mu: Beli, Falgore, Fulatan, Gwangwan, Jajaye, Rogo Ruma, Rogo Sabon Gari, Ruwan Bago, Zarewa da Zoza. Mu ƙaddara kowace mazaɓa tana da kulob 10, kowane kulob yana da 'yan wasa 30. Mutum 3,000 ke nan, kuma na saki hannu a lissafin. Ajiye su gefe guda, ka dubi dubban yaran da ba wanda ya taɓa tara su ya nuna musu ko da yadda ake ɗumama jiki kafin gudu. Sashen yara guda ɗaya, in ya yi ƙoƙari, 50 ko 60 zai iya riƙewa. Wanda ya ɗebi ruwa da moɗa a madatsar Challawa da ke Karaye, ba za a ce shi ya hana masu noman rani ban-ruwa ba.

Na ga mutuwar kulob fiye da ɗaya da idona, kuma babu wanda baƙon wasa ya kashe. Na farko, fili ne ya kashe shi. An wayi gari aka ga turaku a gefen filin, aka ce ajujuwa za a ƙara, ba wanda ya yi musu, don aji alheri ne. Shekara ta zagayo sai ga jerin shaguna a ɗaya gefen suna kallon titi. Abin da ya rage bai isa a buga bakwai-bakwai ba. 'Yan wasan suka yi wata biyu suna tafiya wani ƙauye atisaye a kan babur, kuɗin mai ya gagara, aka watse. Na biyu ci-rani ne ya cinye shi. Da an kawar da amfanin gona, an gama aikin rake da dahuwar mazarƙwaila, sai ka nemi bakwai cikin sha ɗayan da ke fara maka wasa ka rasa. Wannan yana Legas yana sayar da kayan miya, wancan yana gefen Abuja yana acaba, wani ya bi masu haƙar zinare. Wanda ya dawo, da maganar aure ya dawo, daga nan kuma sai dai ya zo kallo. Ba laifinsu ba ne, neman halali suka tafi. Laifinmu ne mu shugabannin kulob, da ba mu reni kowa a ƙasa ba. Manomin da ya cinye irinsa da rani, in damina ta faɗi bai kamata ya zargi maƙwabcin da ya shuka wani abu dabam ba.

Ka ambaci taimakon 'yan siyasa kamar wata taska da za mu yi asara. Malam, mu faɗa wa juna gaskiya a kan wannan taimako. Sau ɗaya yake zuwa a shekara huɗu. A kawo riguna masu hoto a ƙirji, a sa kofi, a yi sanarwa da lasifika. Nan take sai sababbin kulob su tsiro kamar ciyawar farkon damina, wani mai ɗan kuɗi ya bi tsofaffin kulob yana zare musu gwanayensu da ɗan abin sawa a aljihu, har a ɗauko 'yan haya daga Kano ko Zariya. Kulob ɗin da ya yi shekara goma yana wahala da yaransa sai a fitar da shi a zagayen farko da ƙafar ɗan wasan da shi ya koya masa tsayar da ƙwallo. In zaɓe ya wuce, sababbin su ɓace, tsohon kuma bai sake komawa daidai ba. Kuɗin da ke riƙe kulob na gaskiya karo-karon 'yan wasa ne, da abin da mai shayi da mai kanti da direban motar haya ke jefawa don son abin. Waɗannan mutane tamaula suke so, ba za su juya mata baya don an ba yaran firamare wata ƙwallo mai siffar ƙwai ba.

Ga kuma gidan kallo. Ranar Asabar da Lahadi da yamma, a lokacin da ya kamata fili ya cika, je ka leƙa rumfar da janareta ke ƙara. A can za ka tarar da 'yan wasanka da magoya bayanka gaba ɗaya, an biya kuɗin shiga ana musu a kan Arsenal da Chelsea da Real Madrid da Barcelona. Kuɗin da matasan gari ɗaya ke kashewa a gidan kallo a wata guda zai saya wa kulob ɗinsu ƙwallaye da raga. In ana neman abin da ya raba kulob ɗin ƙauye da jama'arsa, ga shi nan a fili. Mu kama zari-ruga da ko isowa bai yi ba, ai an bar jaki ana dukan taiki.

Maganar wasan Turawa kuwa ba zan daɗe a kanta ba, don tamaular da muke karewa ma ba a gindin Dala aka haife ta ba. Uwa ɗaya uba ɗaya suke da zari-ruga. A Landan aka tsara dokokin ƙwallon ƙafa a 1863, waɗanda ba su yarda a hana gudu da ƙwallo a hannu ba suka ware, suka kafa tasu hukumar a 1871. Mu kuma a Arewa ba yau muka fara karɓar baƙon wasa mu mai da shi ɗan gida ba. Ƙwallon bango da ake bugawa da tafin hannu, wato fayibs, wani malami Bature mai suna Hogben ne ya kawo ta, Sardauna Ahmadu Bello ya zama cikin manyan masoyanta, kuma har yau ana buga ta a Katsina da Birnin Kebbi. Ƙwallon dawaki Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo ne suka rungume ta, ba ta kuwa hana sukuwa ko hawan salla ba. A Nijar, tun 1975 da aka fara gasar kokawa ta takobi a Tahoua, duk shekara ƙasa baki ɗaya take komawa bakin rediyo da talabijin, amma kulob-kulob ɗin ƙwallo na Yamai da Maraɗi da Damagaram suna nan suna taka ledarsu.

Da a ce kukan langa ka yi, da ni ne na farkon tsayawa a bayanka. Ita ce ke shuɗewa a hannun 'ya'yanmu, kuma tamaula da wayar hannu ne suka ture ta. Wani abin lura shi ne, duk wasannin da suka zo mana daga waje babu wanda ya kai zari-ruga kama da langa. A langa akwai ruwa, sauran 'yan ɓangarensa suna kare shi, abokan karawa suna neman kayar da shi kafin ya isa inda zai sha. A zari-ruga ma haka ne, mai ƙwallo shi ne ruwa, dole ya ratsa masu tare shi ya kai ta bayan layi ya dangwara a ƙasa. Yaron da ya tashi yana langa da kokawa a dandali ba zai ji wannan wasa baƙo a jikinsa ba.

Mu dubi inda abin ya riga ya faru. A Kano akwai kulob ɗin Barewa, wanda ya daɗe yana wannan wasa yana kuma renon yara a kai. A nuna mini kulob ɗin ƙwallon ƙafa ɗaya a Fagge ko Gwale ko Birget da ya rufe saboda Barewa. Kano Pillars ta ɗauki kofin ƙasa a 2008, ta jera uku a 2012 da 2013 da 2014, kofin Ramat na matasa yana nan ana fafatawa a kansa, kowane lungu na birni kuma akwai yara suna buga ƙwallo. A Kenya, 'yan zari-ruga na mutum bakwai-bakwai sun doke Fiji a wasan ƙarshe na gasar Singafo a 2016, ƙasar ta yi murna, kashegari magoya bayan Gor Mahia da AFC Leopards suka koma wa hamayyarsu. Afirka ta Kudu ta ɗauki kofin duniya na zari-ruga sau huɗu, a 1995 da 2007 da 2019 da 2023, duk da haka in Kaizer Chiefs za ta kara da Orlando Pirates filin cika yake yi maƙil.

Yanzu batun rauni, kuma a nan ba zan yi maka gardamar banza ba. Zari-ruga na manya wasa ne na karo. Ana karyewa, kuma abin da ya fi karaya haɗari shi ne buguwar kai. Steve Thompson, wanda ya ci kofin duniya da Ingila a 2003, ya fito a 2020 ya bayyana cewa likitoci sun tabbatar masa da ciwon mantuwa tun bai tsufa ba, shi da wasu tsofaffin 'yan wasa kuma suka kai hukumomin wasan ƙara. A 2023 hukumar zari-ruga ta duniya ta ba da shawarar a sauko da inda aka yarda a kama mutum zuwa ƙasa da ƙirji a wasannin da ba na ƙwararru ba. Duk uban da ya ji wannan ya tsorata yana da hujja. Sai dai ba wannan ake koya wa ɗan firamare ba. A Ingila kanta, yara 'yan ƙasa da shekara 7 da 'yan ƙasa da 8 ba sa kama juna sam. Kuma kada mu ɗauka tamaula ba ta da nata: a can ɗin dai, tun 2020 aka hana koya wa 'yan firamare buga ƙwallo da ka a wurin atisaye, saboda wannan tsoro na lafiyar ƙwaƙwalwa. Mu nan yaro ɗan shekara 9 yana tarar da ƙwallon manya da goshinsa muna tafa masa.

Na taɓa tsayawa a gefen wani fili a Kano na ga yadda ake koya wa yara, kuma gani ya kori ji. Kowane yaro an ɗaura masa ɗamara a ƙugu, da ƙyalle biyu suna reto, ɗaya dama ɗaya hagu. Mai ƙwallo yana gudu, wanda ya cim masa ba ya taɓa jikinsa, ƙyallen zai zare ya ɗaga sama. Da an zare sai mai ƙwallo ya tsaya ya miƙa wa ɗan'uwansa, wanda ya zare kuma sai ya mayar masa da ƙyallensa hannu da hannu kafin ya ci gaba da wasa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina ita ce dokar da ta hana jefa ƙwallo gaba. Baya kawai ake miƙawa, ko gefe. Na ga wani yaro mai gudun tsiya ya tsere wa kowa har da 'yan ɓangarensa, aka zare masa ƙyalle, ya waiga bai ga wanda zai ba ba. Mai horar da su bai yi masa tsawa ba, sauran ya kira ya tambaye su ina suke lokacin da ɗan'uwansu ke neman su. Zagaye na gaba sai ga uku suna bin bayansa suna kiran sunansa. Na yi shekaru ina faɗa wa 'yan wasanmu su daina riƙe ƙwallo, ban taɓa samun hanyar da ta kai wannan saurin shiga kan yaro ba.

Akwai kuma ladabi ga alƙali. A al'adar zari-ruga kyaftin ne ke magana da alƙalin wasa, wanda ya yi masa musu kuwa sai a matsar da ɓangarensu baya da mita 10. Malam, sau nawa ni da kai muka ga wasan ƙarshe ya tashi ba a gama ba, an raka alƙali har bakin titi da jifa? Yaron da ya koyi haɗiye fushinsa yana ɗan shekara 9, in ya shigo kulob ɗinka yana ɗan 16 riba ce gare ka.

Ina tuna wani ɗalibina, yaro mai jiki, mai faɗin kafaɗa, ba shi da sauri. Duk ranar wasanni magana ɗaya yake ji daga 'yan ajinsu: kai je ka tsaya raga. In aka ci shi a yi masa dariya, in ya kama ba mai yabawa. Kafin ya kai aji biyar ya daina fitowa, sai ya zauna a gindin darbejiya yana kallo har a tashi. Tamaula ba ta da wurin irinsa, gaskiyar ke nan, tana son siriri mai zafin nama. Zari-ruga kuwa mutum 15 ne a kowane ɓangare, 8 daga cikinsu ƙarfafa ake nema masu turawa, 7 masu gudu. Dogo yana da aikinsa, gajere yana da nasa, mai ƙiba ma ana rububinsa. Irin wannan yaro ba a wurinka za a ɗauke shi ba, don tun farko ba ka neme shi ba.

Wanda ma ka nema, ba asararsa za ka yi ba don ya taɓa wani wasa yana ƙarami. Hakeem Olajuwon gola ne a ƙwallon ƙafa a Legas, ya kuma yi ƙwallon hannu, kafin ya koma ƙwallon kwando har ya ɗauki kofin Amurka da Houston Rockets a 1994 da 1995. Chioma Ajunwa ta buga wa Najeriya ƙwallon ƙafa ta mata, sannan ta ciyo mana zinare a dogon tsalle a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Jikin yaro ba ya ƙin ƙarin sana'a. Gudu da kaucewa da numfashi mai tsawo da duba inda ɗan'uwa yake, duk abin da zai koya a zari-ruga zai zo maka da shi ƙafa.

Ba kuma zan ruɗi iyaye in ce zari-ruga hanyar arziki ce ba. Gaskiya ne Siya Kolisi ya tashi cikin talauci a unguwar Zwide, zari-ruga ya sama masa gurbin karatu, har ya ɗaga kofin duniya sau biyu a matsayin kyaftin. Gaskiya ne Maro Itoje, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya zama kyaftin ɗin Ingila a 2025, kuma tun 2016 ana yin na bakwai-bakwai a Olamfik. Amma a ƙasar nan kaɗan ne ke cin abinci da wannan wasa. Yaron Zarewa ko na Gwangwan in ya kwanta mafarkin Ahmed Musa yake yi, wanda ya fito daga Pillars ya zura wa Ajantina biyu a 2014, ya zura wa Iceland biyu a 2018. Babu wanda zai cire masa wannan mafarki da atisayen awa ɗaya a mako. Wannan ma kaɗai ya isa ya kwantar maka da hankali.

Inda na ba ka gaskiya ba tare da ja ba shi ne fili. Garuruwanmu da yawa fili ɗaya gare su, na makaranta, kuma in aka zo da sabon abu ba a zauna da masu amfani da shi ba, rigima za a yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma maganin wannan zama ne, ba kora ba. Wasan zare ƙyalle ba ya buƙatar turaku ko raga, kwatan filin ƙwallo ya ishe shi. A zauna da hedimasta da kwamitin iyaye da mai unguwa da shugabannin kulob, a rubuta a takarda: yara suna da lokacin motsa jiki na makaranta da yammacin Alhamis, kulob yana da sauran ranakun, kuma kada a taɓa lokacin Islamiyya da na makarantar allo. Zan ma ƙara sharaɗin da ya fi naka tsauri. Filayenmu ba ciyawa sai da damina, da rani ƙasa ce ƙeƙasasshiya mai tsakuwa, don haka kada a yarda a koya wa ɗan firamare kamawa da kayarwa a kanta ko da wasa. In za a haɗa da 'yan mata, a makarantunsu za a yi, malamai mata su koyar da su, da yardar iyayensu.

Wani tsoro da nake da shi, wanda kai ba ka ambata ba, shi ne irin shirin nan na a zo da mota a raba riguna, a ɗau hoto, a tafi. Mun ga irinsa a fannoni da yawa. In masu kawo zari-ruga haka za su yi, su bar mana yaranmu, don sa wa yaro rai sannan a watsar da shi ya fi rashin farawa ciwo. Sharaɗin shi ne su horar da malamanmu na wasanni da matasanmu da ke zaune a gari, su bar ƙwallayen a hannun makaranta, su kuma dawo su ga abin da aka yi. Masu horar da kulob-kulob ɗinmu ma su shiga a koya musu. Yawancinmu ba wanda ya taɓa nuna mana yadda ake tafiyar da ƙananan yara ko abin da ake yi in ɗan wasa ya bugu a ka, kuma wannan ilimi a tamaula ma aiki zai yi mana.

Saboda haka kirana ga shugabannin kulob na Rogo da Karaye, har da kai Malam, tunda alƙalaminka ya nuna kana cikinmu: kada mu ɓata ƙarfinmu wajen tare wa wani hanya. Kowane kulob ya ware yammaci ɗaya a mako, ya fitar da tsohuwar ƙwallo ɗaya da ɗan wasa ɗaya mai haƙuri, ya kira yaran nan da ke bayan raga ya rubuta sunayensu a littafi. Mu haɗa kai kuma mu je wa sakataren ilimi da shugabannin ƙananan hukumominmu biyu da buƙata ɗaya, a shata iyakar filayen makarantu a hana yanka su. Masu zari-ruga in sun zo a kan sharuɗɗan nan, a yi musu maraba a nuna musu gefen fili. Allah Ya raya mana yaranmu, Ya yi musu albarka. Wassalam.